Ranar da Birki Ya Ci Amanata

Ina da wani tsohon babur da yayana ya bar mini lokacin da ya sami aiki a Kaduna. Shi ne ƙafata, shi ke ɗauko ni kullum daga cikin birnin Kano zuwa sabuwar jami'a a kan hanyar Gwarzo. Wata Litinin na ji birkin baya yana kuka kamar ana wasa wuƙa, sai na biya garejin da na saba zuwa. Maigarejin ya duba ya ce takalman birkin sun cinye, sai an sake. Ya sa yaronsa ya kwance tayar baya.

To, ni kuwa ina da jarrabawa ƙarfe goma. Na tsaya a kan yaron nan ina ta duban agogo, ina cewa, "Kai, yi sauri mana!" Yana ɗaura taya na biya kuɗi, na haye na taka, ko gwadawa ban yi ba.

Na wuce Kabuga ke nan sai ga wata yarinya da tiren gyaɗa a kai ta faɗo titi. Na taka birki. Sai na ji ƙarar ƙarfe a baya, abin takawar ya tafi ƙasa sakayau kamar na taka iska. Na matse na hannu, shi ma babu komai. Na yi salati, na saki mai, na sauko da giya, na sa takalma ina jan ƙasa, sannan na karkatar da kan babur na afka cikin tarin yashin wasu magina. Yarinyar ta tsira, gyaɗa ta watse, ni kuwa na tashi da gwiwa a saɓule da wando a yage. Jarrabawa dai aka yi ta ba ni.

Na turo babur zuwa gareji ina huci, na tara masa jama'a. Dattijon bai tanka ba sai da ya durƙusa ya duba. Ya nuna mini yadda abin yake. Birkin baya takalma biyu ne a jikin wani faranti cikin cibiyar taya. In ka taka, sai sandar birki ta ja su su buɗe su kama bangon cibiyar. Akwai kuma wani ƙarfe da ke riƙe farantin a jikin babur don kada ya bi taya ya juya. Notin wannan ƙarfe yaron ya ɗaura da hannu kawai, bai sa sifana ba, bai kuma mayar da 'yar ƙusar da ake tanƙwasawa a bayan noti ba. Girgizar hanya ta kwance notin, da na taka sai farantin ya juya ya tsinke sandar.

Dattijo ya ce, "Wannan laifinmu ne, ɗana, kuma gyaran a kaina yake. Amma ina birkinka na gaba?"

Na yi tsit. Wayarsa ta tsinke tun kafin azumi, ya kuma yi mini magana har sau biyu, ina cewa ai na baya ya isa. Kamar yawancin masu babur, na ɗauka na gaba kayar da mutum yake yi. Ya ce ai in babur zai tsaya nauyinsa gaba yake komawa, saboda haka birkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, in an matse shi a hankali. An yi su biyu ne don in ɗaya ya gaza ɗaya ya cece ka. Lalle laifi tudu ne. Yaron ya manta ƙusa cikin minti ɗaya, ni ina matsa masa. Ni kuwa na yi watanni ina yawo da rabin birki da sanina.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda aka taɓa wa taya ko birki, kafin ya hau titi ya duba notocin da idonsa, ya ja babur a filin gareji ya gwada na gaba daban, na baya daban. Har yau in na tuna yarinyar nan sai gabana ya faɗi, domin da hannuna ya kuskure kaɗan, da ba wannan labari zan ba ku ba. Allah ya kiyaye mu, amin.