Bututun da Ya Kuɓuce a Hanyar Zariya

Ina cikin wuce wata tirela a hanyar Kano zuwa Zariya, mahaifiyata na zaune a kujerar baya, sai na ji ƙara kamar an fasa balan-balan a gaban mota. Na taka totur, mota ta ƙi gaba, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a bayanmu. Da ƙyar na koma bayan tirelar na gangara gefen titi. Hajiya ba ta ce komai ba sai salati.

Da na buɗe bonet na tarar da tiyo guda ya kuɓuce daga mazauninsa. Sai a gareji na fahimci aikinsa. Injin motata na dizal ne mai turbo, dabarar da injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905. Hayaƙin salansa ne ke juya wata farfela fiye da sau 100,000 a minti, ita kuma ta danna iska cikin inji domin mai ya ƙone sosai. Amma iskar da aka danna takan yi zafi, har ta wuce digiri 100, kuma iska mai zafi ba ta ɗauke da iskar shaƙa da yawa. Shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wadda ke gaban lagireto, ta huce kafin ta shiga inji. Bututu ne ke kai ta, bututu ne ke dawo da ita. Idan ɗaya ya kuɓuce, iskar ta tsere, mai ya rasa abokin ƙonewa, sai hayaƙi da rashin ƙarfi.

Tiyon roba ne, ya sha zafi shekaru, tururin bakin mai kuma ya jiƙa cikinsa har ya yi santsi. Na ƙudura sauya layin gaba ɗaya da bututun alminiyam, na ce wa bakaniken, dattijo mai furfura, a sa mai faɗin inci 3.

Ya girgiza kai. "Ɗana, turbonka ƙarami ne. Ka ba shi babban bututu, sai ya ɓata lokaci yana cika shi kafin mota ta amsa. A wajen wuce tirela, wannan jinkirin ne zai cuce ka."

Na ce, "To Baba, me za a gyara?"

Ya nuna mini bakin bututun. Ya ce a bar faɗin kusa da na asali, a rage lanƙwasa masu kaifi, a haɗa da tiyon silikon, a ɗaure da kilif mai noti. Mafi muhimmanci, a yi wa kowane bakin bututu ɗan tudu kewaye, domin kilif ya sami abin da zai tokara. Bututu mai sulɓi, komai tsadarsa, wata rana zai tofar da tiyonsa.

Muka sayo kayan a Ƙofar Ruwa. Da aka gama, ya toshe layin, ya hura masa iska, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Ɗaya ta yi kumfa, ya sake ɗaure ta.

Motar ba ta ƙara gudu ba, ƙarfinta na asali ne ya dawo. Makon da ya gabata na sake ɗaukar Hajiya zuwa Zariya. Da muka cim ma wata tirela ta ce, "Bi a hankali dai." Na jira hanya ta buɗe sosai, sannan na taka.