Gidan Mama Nike a Legas: Kallo kyauta, saye sai an shirya

DUK wanda ya daɗe yana kallon finafinan Hausa ya san falon Alhaji. Manyan kujeru, labule har ƙasa, furen roba a kan tebur, sannan a bango ga hoton wani ruwa yana gangarowa daga dutse, irin wanda ake shigowa da shi daga Chana a kwali. Falon nan shi ne na attajiri a wannan fim, shi ne na kwamishina a wancan, har 'yan kallo sun haddace shi. To amma akwai inda masu kuɗin gaske suke zuwa su sayo abin da za su rataya a bangonsu, kuma ba a Dubai yake ba. Yana nan cikin Nijeriya, a unguwar Lekki da ke Legas. Sunan wurin Nike Art Gallery.

Kada mai karatu ya ga sunan ya zaci kamfanin takalman 'yan ƙwallo ne. "Ni-ke" ake cewa, sunan Yarbawa ne, kuma sunan mai gidan ke nan, Cif Nike Davies-Okundaye, wadda kowa ke kira Mama Nike. Gidan nata ne na kanta, ba na gwamnati ba. Abin da ake yi a ciki shi ne baje kolin ayyukan masu zane da masu sassaƙa na wannan zamani, a kalla, wanda ya ga abin da ya yi masa ya saya.

Hanyar zuwa

Daga Kano zuwa Legas tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama. A mota kuwa kusan kilomita 1,000 ce, sai an kwana ana abu ɗaya. Amma isa Legas daban, isa Lekki daban. Wanda ya sauka a Ikeja, ko ya kwana wurin 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, sai ya ratsa doguwar gadar nan ta Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Daga nan sai Ikoyi, sai gadar Lekki da Ikoyi mai igiyoyin ƙarfe, wadda aka buɗe a 2013. Masu kallon finafinan Kudu za su gane ta nan take, don da wuya a nuna Legas a fim ba a hasko ta ba. Idan aka hau babban titin Lekki zuwa Epe, sai a nemi wajen Ikate, titin Elegushi.

Sammako shi ne maganin tafiyar, domin gosulon Legas ba ya jin magiya. Kuma kada baƙo ya sa rai da acaɓa, tun 2022 gwamnatin jihar ta hana su aiki a yankin. Tasi ko motar da ake kira ta waya ita ce mafita.

Tun daga nesa ginin yake nuna kansa: dogon bene fari mai hawa biyar, an yi wa jikinsa ado. A farfajiya kuwa ga dabbobi da mutum-mutumi da aka ƙera da tarkacen ƙarafa da tsofaffin tayoyi. Abin da bakanike ya jefar a bayan gareji, wani ya tsince shi ya yi walda, ya zama abin da Bature ke tsayawa yana ɗaukar hoto. Ba a biyan ko sisi a ƙofa.

Cikin gidan

Mutum yana sa ƙafa ciki zai rasa inda zai fara dubawa. Bango cike yake tun daga ƙasa har sama, gefen matakala ma ba a bar shi ba, wasu zane-zanen kuma an jingine su a ƙasa, wani bayan wani, saboda babu wurin ratayewa. An ƙiyasta ayyukan da ke ciki sun haura 8,000, shi ya sa ake lissafa gidan cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. An buɗe shi a 2009.

Akwai zanen kasuwa da 'yan talla, akwai motocin danfo masu ruwan ɗorawa sun cushe titi, akwai masunta a kwalekwale. Ɗan Arewa kuma zai yi karo da gida bai shirya ba: mahayan dawaki a hawan daba da rawuna da lifidi, 'yan matan Fulani da ƙoren nono a ka, makaɗa da kalangu. Wasu ayyukan da fentin mai aka yi su, wasu da duwatsun ado aka jera ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito, wasu a jikin ƙarfe aka buga su. Wasu kuwa babu mutum babu dabba, launi ne kawai da layuka, mai kallo ya tsaya ya ga abin da zuciyarsa ta nuna masa.

Idan aka taki sa'a Mama Nike tana nan, ba a buƙatar a tambaya wace ce. Ɗaurin ɗankwalinta kaɗai, mai faɗi kamar faifai, ya isa shaida. An san ta da tarbar baƙi da kanta, a yi waƙa, a ɗan taka, wani lokaci har a yafa wa baƙo tufafin gidan ya ɗauki hoto. Sai dai kafin mutum ya ɗaga waya ya haska wani zane, ya nemi izinin ma'aikata. Dalilin yana tafe.

Wace ce matar nan?

Labarinta kansa fim ne da ke jiran furodusa. An haife ta a 1951 a Ogidi, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, karatun boko bai yi nisa ba saboda babu, sai ta koyi saƙa da rini a hannun kakanninta mata. Da ta tasa ta koma Oshogbo, garin da a shekarun 1960 ya zama matattarar masu fasaha, inda su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami suka yi suna. Ta auri Twins Seven-Seven, daga baya suka rabu, ta tsaya da ƙafarta. A 1983 ta buɗe cibiya a Oshogbo inda ake koya wa mata da matasa sana'a kyauta. Yau matar da ba ta ga ƙofar jami'a a matsayin ɗaliba ba ta koyar a jami'o'in Amurka da Turai, kuma aikinta yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Ban da Legas da Oshogbo, tana da cibiya a Ogidi, da wata a Abuja a kan hanyar filin jirgi. Ta Abujan ita ce mafi kusa ga wanda ya fito daga Kano ko Kaduna.

Abin da ya fito da ita shi ne adire, wato rinin shuɗi na Yarbawa. Iri-iri ne. Wani ɗaure ƙyallen ake yi da zare kafin a tsoma, wani ɗinkewa ake yi, wani kuma da kullun rogo ake zana ado a jiki da gashin kaza, inda kullun ya taɓa rini ba ya kamawa. Bakano zai ce ai wannan namu ne, kuma yana da gaskiya. Baba ne dai da toka, irin wanda ake amfani da shi a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana nan tun 1498. Bambancin shi ne can an sa wa rinin firam da sunan mai shi da farashi, a Ƙofar Mata kuwa ramuka da yawa sun daɗe ba a tsoma komai a cikinsu ba.

Wani abin kuma da ba kowane ɗan fim ya sani ba: zanen zamani na Nijeriya yana da jijiya a Zariya. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon Turawa ido rufe ba, sai sun haɗa da na gida. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Har yau ana kiran su 'yan tawayen Zariya, kuma aikinsu yana cikin masu tsada a ƙasar nan. Masu sukar 'yan fim da kwaikwayon Indiya, ga wasu sun yi irin wannan muhawara tun kafin a haifi Kannywood.

Yadda ake saye

Nan ne ake yin ta. Farashi a gidan zane ba irin na Kantin Kwari ba ne, inda yadi kaza yake da kuɗi kaza. Sunan mai zanen, da girman aikin, da shekarunsa, su ke yanke kuɗi. Zanen wani yaro da ya gama makaranta bara zai iya fin na wani tsoho ɗaukar ido, amma na tsohon ya ninka shi sau ɗari. Misali, zanen Tutu na marigayi Ben Enwonwu, wanda ya yi a 1974, an gano shi a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Kai, jama'a!

Amma kada wannan ya tsorata mai ƙaramin ƙarfi. Akwai ƙananan zane na sababbin hannu, akwai ƙyallen adire, riguna, gyale da sarƙoƙi. Wanda ya faɗa wa ma'aikaci iya abin da ke aljihunsa ba tare da jin kunya ba, za a nuna masa daidai shi. Ana neman ragi, amma cikin mutunci, ba irin tayin 'yan gwanjo ba, domin kuɗin rabawa ake yi tsakanin gidan da mai zanen. A gidajen zane da dama, idan aka ga ɗan jan ɗigo a gefen aiki, an riga an saye shi.

Kafin a miƙa kuɗi akwai tambayoyin da ba a tsallakewa. Wa ya zana? A wace shekara? Da me aka yi? Sa hannunsa yana jiki? Sannan babbar tambaya: na asali ne ko bugu? Na asali guda ɗaya ne tak a duniya. Bugu kuwa ana fitar da adadi ƙayyadadde, a rubuta lamba a ƙasa da fensir. Idan aka ga 7/50, to na bakwai ne cikin hamsin. Bugu ba jabu ba ne, amma kuɗinsa bai kai na asali ba, kuma wanda bai tambaya ba zai iya biyan kuɗin doki a ba shi jaki. A karɓi rasit da takardar shaida mai ɗauke da sunan mai zanen da bayanin aikin. Ranar da aka tashi sayarwa, takardar nan ce za ta yi magana. Amfanin saye a gida mai adireshi ke nan, maimakon hannun mai yawo a bakin otal.

Wanda zai fita da kayan waje ya yi hattara. Doka ta hana fitar da kayan tarihi irin su mutum-mutumin Nok, kuma a filin jirgi ba kowane jami'i zai bambance sabo da tsoho da ido ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke ba da takardar izini, gidan zanen kuma zai nuna hanya. Wanda kuma ba ya son hoton mai rai a ɗakinsa saboda addini, ba zai fito hannu rabbana ba, don adire da zanen launuka zalla sun ishe shi zaɓi.

Babban zane ana cire shi daga katako a naɗe a cikin bututun kwali, in an isa gida a sa kafinta ya ɗaure. A guji rataye shi inda rana ke duka ko bangon da ke jiƙa da damina. Ƙurar hunturu kuma da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta. Jiƙaƙƙen tsumma da omo sai dai su kashe zanen.

Saƙo ga 'yan industiri

Dalilin neman izini kafin ɗaukar hoto shi ne wanda ya fi shafar 'yan fim. Sayen zane ba ya nufin an sayi haƙƙin mallakarsa. Ƙyallen na mai saye ne, fasahar tana hannun mai zane, kamar yadda sayen kaset a Bata ko Ƙofar Wambai a zamanin kaset bai ba kowa damar gurza dubu ya sayar ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare mai zane kamar yadda ta kare furodusa. Daraktan da ke son ɗora zanen wani a fosta, ko ya gina labari a kansa, sai ya nemi yardar mai shi a rubuce, ya sa sunansa a jerin ma'aikata. Masana'antar da satar fasaha ta kusa durƙusarwa bai kamata ta yi wa wani irin ta ba.

Akwai kuma darasi daga Gana. A shekarun 1980 da 1990 masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye sukan sa a zana musu fostar fim da hannu a jikin buhun fulawa. A lokacin ba wanda ya ɗauke su da daraja. Yau ana baje su a gidajen zane na Turai da Amurka, ana saye da dala. To ina fostocin Sangaya da Wasila da sauran finafinan da suka yi tashe? Wanda ke da su a ƙasan akwati ya adana, kada a bai wa mai ƙosai.

Ga masu shirya lokeshin kuwa, ba sai an je Lekki kullum ba. Ɗaliban sashen zane na Zariya suna nan, marinan Ƙofar Mata suna nan, kuma yawancinsu za su yi murna a ce aikinsu ya fito a fim da sunansu, a biya su ɗan abin da ya samu. Idan aka fara haka, ɗan kallo zai ga falon Alhaji ya yarda cewa lallai mai gidan ya san abin da yake yi da kuɗinsa, mai zanen kuma ya samu kasuwa. Allah Ya sa masu abin su ji.