Abuja ba ta da teku, amma Gurara na nan kusa

Mai karatu, idan a Abuja kake zaune, da wuya a ce a nan aka binne cibiyarka. Yawancinmu nema ne ya kawo mu, daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Zariya. Shi ya sa zaman garin yake kama da zaman baƙunci. Maigida ya fita tun asuba don kauce wa cunkoson Nyanya ko Kubwa, uwargida tana gida ko wurin aiki, yara kuma daga makaranta sai Islamiyya sai waya. Babu kaka a kusa, babu dandali, babu gona. Sai a shekara iyali ba su zauna wuri ɗaya sun yi dariya tare ba, in ba da Sallah ba.

Ba sai ka tara kuɗin jirgi zuwa bakin teku a Legas ba. Wata Asabar da ka tashi ka ga babu ɗaurin aure, babu taro, ka ce wa iyali su shirya. Cikin awa biyu ko ƙasa da haka, gwargwadon yanayin hanya, za ku iya kasancewa a bakin ruwan Gurara, a Jihar Neja.

Daga cikin gari za ka bi babbar hanyar Kubwa zuwa Zuba. Kana shiga Madalla, Dutsen Zuma zai tare maka ido. Ciro tsohuwar takardar naira 100 ka miƙa wa yara su gwada hoton da dutsen da ke gabansu. Gaba kaɗan sai Suleja, wadda ita ce ainihin Abuja ta dā, kafin a ɗauki sunan a ba sabon babban birni bayan shekarar 1976. A mahaɗar Dikko sai ka kama hanyar Minna, ka wuce Lambata, har zuwa ƙauyen Bonu, inda ƙaramar hanya ta ratse zuwa wurin. Hanyar Minna ta manyan motoci da tankokin mai ce, saboda haka ka tafi a hankali, ka kuma ƙudura tun daga gida cewa kafin magariba kun dawo.

Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rugugin sa. Kogin Gurara ya taso ne daga Jihar Kaduna yana neman Kwara, a nan kuma yake zubowa daga kan duwatsu masu tsawon kusan mita 30. Ka faɗa wa yara cewa ba baƙon ruwa ba ne: daga madatsar da aka yi wa wannan kogi can sama ake turo ruwa ta bututu zuwa madatsar Usuma da ke kusa da Bwari, wadda ke shayar da famfunan Abuja.

Fuska biyu gare shi. Da damina, musamman Agusta da Satumba, ruwan yakan cika ya yi ja, feshinsa yana jiƙa mutum daga nesa. Lokacin kallo ne kawai, daga tudu. Da rani kuwa, daga Janairu zuwa Maris, ruwan yakan ja baya ya yi garau, duwatsu su fito, rairayi ya bayyana a ƙasa. Wannan shi ne bakin tekunmu. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a buɗe kular dafa-duka, yara su gina ɗaki da yashi, maigida ya ajiye waya ya ji hirar da ya daɗe bai ji ba.

Sai dai tafiyar ba-zata tana da nata sharaɗi, domin ruwa ba ya sanin baƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a fim. Shiru yake tafiya, cikin ɗan lokacin da za ki juya ki zuba wa wani abinci. Don haka uwargida, ke da maigida ku raba aiki a fili: wane ne idonsa ke kan yara yanzu? Kada a bar wa babbar yaya 'yar shekara goma wannan nauyi. Ƙaramin yaro kuwa kada ya wuce inda hannunki zai kai.

Samari su ne abin tsoro na biyu. Dutsen da ruwa ke bi yana da santsi, kuma ruwan da ya yi lumui a sama yana iya ɓoye rami ko igiya mai ja a ƙasa. Ka tambayi mutanen wurin inda ake tsayawa da inda ba a zuwa, ka kuma bi maganarsu ko da ɗanka ya iya iyo. Hoto a bakin gangare bai kai rai ba. In tsautsayi ya faɗa, wanda bai iya ruwa ba kada ya bi, sai a rasa biyu. A miƙa sanda, ko a jefa igiya ko jarka da aka rufe bakinta. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki don fitar da ruwa. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tsargiya tana yaɗuwa ne a ruwan kogi da tafki, musamman inda ya kwanta, inda ƙananan dodon koɗi ke zama. Ƙwayar cutar tana ratsa fata ne, ba sai an sha ruwan ba, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Saboda haka a guji kududdufan da suka tsaya tsakanin duwatsu, ko da sun yi kyau. Idan bayan makonni ko watanni yaro ya fara fitsarin jini, ko zazzaɓi da ciwon ciki, kada a ce alamar balaga ce. A je a gwada, a gaya wa likita cewa an shiga kogi. Maganinta, praziquantel, yana nan kuma yana aiki.

Guzurin ba shi da yawa: ruwan sha mai isa daga gida, takalmi mai kama ƙasa maimakon silifas, hula, kayan canji, tabarmar sallah, kuɗin shiga a hannu, da leda ta kwaso shara. Ka cika tanki, ka sanar da wani ɗan'uwa inda za ku da lokacin dawowa, ka kuma tambayi labarin hanya kafin ka tashi.

Da la'asar ta yi, a naɗe tabarma. Yara za su yi barci tun kafin Dikko, da yashi a ƙafafunsu, kuma ranar Litinin suna da labarin da za su ba abokansu a makaranta. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.