Wane Littafi Zan Ɗauka Gaba?

A da, in na shiga laburare a nan Jos, Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam sun ishe ni. Amma tun rikicin Satumbar 2001, da aka yi ta kiranmu baƙi, sai na koma sashen tarihi. Littafin Bill Freund na 1981 kan leburorin haƙar kuza ya nuna mini aikin da ya kawo kakanninmu garin nan. Gobarar laburaren Jami'ar Jos a 2016 ta ƙara mini azama, don wuta ba ta jiran mai karatu. Yanzu Strangers to the City na Plotnicov nake nema. Mu karanta, jikokinmu za su tambaye mu. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.