Wasiƙa daga Tromso

Yaya,

Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Kin tambaye ni ko zaman kaɗaici bai dame ni ba, na ce miki lafiya lau. Gaskiyar ta fi haka tsawo.

Yau kusan wata guda rabona da ganin rana. A nan ƙuryar arewacin Norwe takan faɗi a ƙarshen Nuwamba, ba ta sake leƙowa sai Janairu ya yi nisa. Da tsakar rana akan samu wani haske shuɗi-shuɗi kamar na bayan magariba, sa'o'i kaɗan duhu ya dawo.

Kin tuna yadda nake laɓewa bayan rumbu da littafi don kada a aike ni kai markaɗe? To, shirun da nake nema na same shi. Babu mai ɗaga labule ya ce a ara masa ludayi. A wata biyu na sauke Alƙur'ani, na rubuta babi biyu na bincikena. Har na gano ashe ba na son shayi mai zaƙi. Shekara da shekaru ina sha ne kawai don haka Inna take haɗawa.

Su mutanen nan ba su ɗauki zama kai kaɗai abin tausayi ba. A bas, muddin da kujerar da babu kowa, ba mai zama kusa da ke. Da farko na zaci ƙyama ce, ashe junansu ma haka suke yi.

Amma makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. Magani akwai, ɗaki da ɗumi. Mai ce min "sannu" ne babu. Na tashi jiri na ɗibata na dama kunu, ina tuna bayan hannun Inna a goshina. Na sha rabi, sauran ya kwana a kofi, ba wanda ya ce, "Daure ki shanye." Don Allah kada ki gaya mata.

Ranar 21 ga Janairu ake murnar dawowar rana, ana cin wani burodi mai zaƙi. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da sai yanzu gaisuwarmu ta wuce kalma ɗaya, ta ce mu je kallo tare. In kin samu mai tahowa, a aiko min da daddawa da kuka.

Ƙanwarki