Kafin ku kai yara bakin teku a Legas

Da zarar hutun makaranta ya gabato, magana ɗaya ake yi a gidaje da yawa na Abuja da Kaduna da Kano: ina za a kai yara bana? An je garinsu Kaka, an je Yankari, gidan zoo kuwa har an gaji da shi. Sai ga hotuna suna yawo a waya, na iyalai zaune a gindin bishiyar kwakwa, ruwa ya miƙe har iya ganin ido. Daga nan Uwargida ta fara lissafi, Maigida ya fara tambayar kuɗin jirgi. Ƙasar nan tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 853, tun daga Badagry a kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin har zuwa Jihar Kuros Riba. Amma ga mai fitar farko da iyali Legas ta fi sauƙi, domin akwai jirgi kullum, tafiyar kamar awa ɗaya daga Abuja, awa ɗaya da rabi daga Kano, akwai masauki na kowane aljihu, kuma da wuya a rasa ɗan uwa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne halin ruwan. Wanda ya ƙware a iyo a kogin Kaduna ko a dam ɗin Tiga bai san Tekun Atlantika ba. Mafi yawan gaɓar Legas tana fuskantar buɗaɗɗen teku ne kai tsaye, babu tsibiri ko dutsen da zai tare igiyar ruwa. Igiyar tana tasowa daga can nesa, ta zo da ƙarfinta ta fashe a kan yashi mai gangara. Taku biyu zuwa uku, ruwan da yake idon sawu ya kai ƙirji. In kuma ruwan zai koma, yana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, babba ma sai ya yi tangaɗi, balle ɗan shekara shida.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Ruwan da igiyoyi suka tara a bakin gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya haƙa wa kansa wani siririn kwari ya riƙa gudu ta cikinsa zuwa tsakiyar teku, da saurin da ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali. Za ka ga igiya tana fashewa dama da hagu, amma a tsakiya akwai wani fili mai duhu-duhu da ya lafa, kumfa da tarkace suna bin sa zuwa ciki. Baƙo nan yake zaɓa wa 'ya'yansa, don yana ganin ya fi laushi. Wanda wannan ruwa ya ɗauka, kada ya yi kokawar dawowa ta inda ya fito, gajiya ce za ta kayar da shi. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya nemi taimako, in ya iya iyo ya yanka gefe, wato ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga kwarin, sannan ya nufo tudu.

Saboda haka a zaɓi wurin zuwa da la'akari da ruwansa, ba da kyan rumfunansa ba. A ganina, ga iyali masu ƙananan yara Tarkwa Bay ya fi dacewa. Yana kusa da mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma katangun duwatsun da Turawa suka jera tsakanin 1908 da 1912 don kare wannan mashiga suna rage masa ƙarfin igiya. Ba tafki ba ne, akwai igiyar da matasa ke hawa da allo, amma bakinsa ya fi na Lekki sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Su waɗannan katangu dai su ne suka tare yashin da a da yake isa Bar Beach, har teku ya yi ta cin wurin shekara da shekaru. Iyayen da suka san Bar Beach a zamanin da Legas take babban birnin tarayya kada su yi wa yara alkawarinsa, yanzu sabon birnin Eko Atlantic ne a wurin. Haka ma Landmark, an rushe wani sashe nasa a watan Afrilun 2024 don aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba. Kafin a dogara da tsohon hoto, a tambayi wanda ya je kwanan nan.

Tarkwa Bay ba a zuwansa da mota, sai ta jirgin ruwa daga CMS ko Falomo ko Victoria Island, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ita ce kowane fasinja ya sa rigar kariya. Ku duba da idonku ko akwai daidai jikin yara, domin rigar babba tana iya zame wa yaro ta kai da zarar ya faɗa ruwa. Jirgin da aka cika maƙil, ku bar shi ya wuce. Ku tafi da hantsi, ku dawo da la'asar sakaliya, kada magariba ta same ku a kan ruwa. A bayan katangar akwai wani bakin teku mai tsawo da ake kira Lighthouse Beach, ya fi shiru, ya fi kyan hoto, amma ba shi da waccan kariya. Nan kallo kawai ake yi.

Sai batun lokaci, kuma a nan ne kalandar makaranta take cutar iyaye. Dogon hutu yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, daidai lokacin da teku ya fi fushi a wannan gaɓa. A watan Agustan 2012 ne ruwa ya yi ambaliya a Kuramo Beach ya tafi da mutane fiye da goma. Daminar Legas tana farawa tun Afrilu, ta yi ƙamari a Yuni, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake samun rana da ruwa mai sauƙi. Sai dai a makonnin ƙarshen Disamba garin yana cika da masu dawowa daga Ingila da Amurka, kuɗin otel da na jirgi su tashi. Wanda zai iya, ya kama makon farko na Janairu bayan an watse, ko hutun Ista. Kuma a fi son ranar aiki da safe. Asabar da Lahadi da yamma wurare irin su Elegushi kiɗa ne da shaye-shaye, ba wurin da magidanci zai so ya zauna da matarsa da 'yammatansa ba.

Tufafi ma abin tunani ne. Doguwar riga da zurmemen hijabi da jallabiya in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, igiya ta sami abin kamawa. Ba sai an bar sutura ba. Dogon wando mara nauyi, riga mai dogon hannu wadda ba ta wuce gwiwa ba, da ƙaramin hijabi da ba zai rufe fuska in ya jiƙe ba, sun wadatar. Wanda bai iya iyo ba, babba ne ko yaro, iyakarsa gwiwa, kuma kada ya juya wa teku baya don ɗaukar hoto. In an kafa jan tuta, ba a shiga ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu kamar a fim, bakinsa na neman iska ne, cikin ɗan lokaci sai a neme shi a rasa. Irin tafiyarmu ta gayya, da gwaggo da ƙannen miji da 'yar aiki, ita ce ke sa kowa ya ɗauka wani yana kallo. A ware mutum ɗaya babba, a ce kai ne mai gadi na minti ashirin, ba waya, ba hira, sannan a karɓe shi. Kada a ɗora wa Yaya 'yar shekara goma sha biyu wannan nauyi. Yaro mai farfaɗiya kuwa hannunsa na cikin na babba muddin yana kusa da ruwa. In wani ya faɗa, wanda bai ƙware ba kada ya bi shi, a jefa masa jarka rufaffiya ko igiya, a kira masu ceto. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767. Wanda aka ciro yana tari ko numfashi da ƙyar, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke.

Sauran abubuwan masu sauƙi ne. Iskar teku tana ɓoye zafin rana, yaro zai yi ta wasa yana zufa bai ji ƙishi ba, don haka a riƙa ba shi ruwa a kai a kai, a sa hula, a kama rumfa daga azahar. Yashi da tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa, kuma akan tarar da fasassun kwalabe, silifas ba ya fita. Jatan lande da ƙaguwa baƙin abinci ne ga yawancin yaranmu, wasu jikinsu ba ya karɓa. A fara da ɗan kaɗan, in aka ga kumburin leɓe ko ƙuraje ko shaƙewa, asibiti kai tsaye. A sa ƙunshin gishiri da sukari na gudawa a jaka. Sauron Legas ba ya hutun rani, gidan sauro da maganin shafawa su biyo kaya.

Kusan duk wuraren nan ana biyan kuɗin shiga, rumfa da kujera da hawan doki kowanne da nasa, wasu har abincin da aka shigo da shi daga gida sai an biya masa. A yi ciniki kafin a ɗora yaro a kan doki. Sauka wurin dangi a Agege yana rage kuɗi, amma tsakanin Agege da Victoria Island akwai gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 da cunkoson da zai iya cinye safiyar gaba ɗaya. In aljihu zai ɗauka, kwana biyu a masauki kusa da ruwa, sauran a gidan 'yan uwa.

Ranar da ba za a shiga ruwa ba, Badagry ta cancanci yini guda. Can akwai gidan benen 1845 da ake ce wa bene na farko a Nijeriya, da gidajen tarihin da aka ajiye sarƙoƙin bayi. Daga bakin garin ana tsallakawa da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka hanyar yashin da aka bi da bayi har inda jiragen Turawa ke jira. Tafiyar ƙafa ce mai ɗan nisa a rana, a riƙe ruwan sha, ƙananan yara kuma sai an goya. Tekun da ke ƙarshen hanyar buɗaɗɗe ne, ba na wanka ba.