Ga Mai Son Tone wa Jarumi Asiri

Ɗana, tunda ka ce jarumin da za ka zana ba na kirari ba ne, so kake ka tone masa asiri, to ka ba ni aron kunnenka.

Mu Powerman muka sani. A tsakiyar shekarun 1970 ake sayar da mujallarsa a ƙasar nan: ƙaton baƙin mutum, ƙarfi ba a magana, kullum gaskiya tasa ce. Cikin masu zana shi har da wani Bature, Dave Gibbons. Shi ɗin ne a 1986 suka fitar da Watchmen da Alan Moore, suka yi tambayar da ba mu taɓa yi wa Powerman ba: wa ya ba mai rufe fuska izinin hukunta jama'a? A 2006 Garth Ennis ya zo da The Boys, inda jarumai suka zama hajar kamfani. Bayan fitowa shida reshen kamfanin DC da ke buga shi ya janye hannu, sai ƙaramin kamfanin Dynamite ya karɓa. Ka ga amfanin riƙe haƙƙin abinka a hannunka.

Sai dai kada ka kwaso zubar da jininsu ka ce zurfin tunani ne. Ɗan Jos bai rasa ganin jini ba.

Abin da kake nema yana bakin layinku. Tun rikicin Jos na Satumban 2001, aka sake a 2008 da 2010, kowace unguwa ta san samarin da suka hana idonsu barci don a kwana lafiya. An sa musu albarka, kuma sun cancanta. Amma ka bi wani daga cikinsu bayan ƙura ta lafa. Yau yana karɓar kuɗin tsaro a shaguna, gobe ɗan siyasa ya neme shi ranar zaɓe. Wanda ake yi wa guɗa a wannan unguwa, a tsallaken titi da sunansa ake tsorata yara. Ka zana shi daga tagogin nan biyu, kada ka fifita ɗaya.

Ka ba shi uwa mai jiran dawowarsa, da bashin mai shayi, da abokin makaranta da yanzu ba ya iya zuwa gidansu. In ka ga dama ka bar masa ƙarfin ɗaga mota, ba laifi. Amma shafin farko ka fara da ranar da mai unguwa ya kira shi ya ce ya ajiye gorarsa, shi kuwa ya ƙi.